Ƙaurace wa kamfanonin madarar jarirai: ta ina mutum zai fara?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Sati uku ke nan da ƙanwata ta haihu, haihuwar fari. Ranar da aka sallame ta daga asibiti aka miƙo mata wata jaka mai kyau, ciki akwai tawul, da katin rubuta nauyin jariri, da ɗan ƙaramin gwangwanin madara, duk da tambarin kamfani ɗaya. Ba ita ta nema ba, kuma babu wanda ya ce nononta yana da matsala. Dare na biyu a gida yaron ya yi ta tsala kuka, ta ce ai bai ƙoshi ba ne, ta buɗe gwangwanin. Yanzu gwangwani na uku take kai wanda aka saya da kuɗi, nonon kuma ya ja baya. Jiya na tarar da ita tana haɗa masa, ta rage cokali ɗaya daga abin da aka rubuta, wai don madarar ta ƙara kwana. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba.

Na sha jin cewa akwai mutanen da suka daina sayen kayan wasu kamfanoni saboda irin wannan. Ina so in shiga cikinsu. Wane kamfani ne, waɗanne kaya, kuma abin yana da tasiri kuwa?

Anti Ladi: Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye maganar kamfani tukuna, yaron ne a gaba. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki gaya mata ta daina rage cokali. Madarar da aka tsinka da ruwa tana cika ciki amma ba ta gina jiki, yaro zai yi shiru kamar ya ƙoshi alhali yana ramewa. Ruwan da ya yi yawa a jikin jariri ɗan sati uku kuma shi kansa haɗari ne. In za a ba shi, a ba shi daidai yadda aka rubuta.

Na biyu, nononta bai tafi ba. Shekara talatin na yi ina aikin ungozoma, na ga wadda nononta ya dawo bayan wata biyu da tsayawa. Nono kamar rijiya yake, ɗiban da ake yi shi ke sa ya tsattsafo. Ta riƙa sa shi a nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, musamman da daddare, kuma kullum nono ne farko kafin madara. Madarar a ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta maimakon fida, domin bakin fida yana zubowa ba wahala, in yaro ya saba sai ya ƙi jan nono. Kada a yanke madarar lokaci ɗaya, a riƙa ragewa sannu a hankali, ana auna nauyinsa wurin ma'aikaciyar lafiya. Ki ƙirga min sau nawa yake fitsari a yini. In ya kai shida ko fiye, yana samun abin da ya ishe shi.

Kukan daren biyu da kika ambata kuwa, kusan duk jariri yana yin sa. Cikinsa a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, dakashin da uwa ke da shi ya wadatar. Kukan nan shi ke kiran ruwan nono ya sauko. Daidai wannan daren ne gwangwanin kyauta yake yin aikinsa.

Maman Hanifa: Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Yanzu zan kira ta in karanta mata saƙonku.

Malam Sabi'u: Allah ya raya yaro. Abin da Anti ta faɗa shi ne kan gaba, ni tarihin zan ɗan kawo, don ki san ba ke kika fara jin wannan zafin ba.

Tun 1939 wata likitar yara, Cicely Williams, ta yi lacca a Singafo ta kira tallan madarar gwangwani ga jarirai da sunan kisa, saboda abin da take gani a asibiti. Maganar ba ta yi nisa ba sai a 1974, lokacin da ƙungiyar War on Want ta Birtaniya ta fitar da rahoto mai suna The Baby Killer. Rahoton ya nuna yadda ake tallata madarar a wuraren da babu ruwa mai tsabta, babu makamashin tafasa fida sau shida a rana, iyaye da yawa ba sa iya karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani, kuɗin madarar kuma yana cinye kaso mai yawa na abin da magidanci ke samu. Har mata 'yan talla ake sanya wa fararen kaya irin na nas, su riƙa zagaya ɗakunan haihuwa da gidaje.

Wata ƙungiya a birnin Bern na Suwizalan ta fassara rahoton zuwa Jamusanci, ta sa masa take mai cewa Nestlé na kashe jarirai. Kamfanin ya kai su kotu. A 1976 kotu ta same su da laifin ɓata suna a kan taken, ta ci kowannensu tarar faran 300 na kuɗin Suwizalan, amma alƙalin ya gaya wa kamfanin cewa dole ya sauya salon tallansa daga tushe. Kamfani ya ci shari'a, amma duniya ta ji labarin da a da ba ta ji ba.

A watan Yuli na 1977 wata ƙungiya mai suna INFACT ta ƙaddamar da ƙaurace wa kayan Nestlé daga birnin Minneapolis na Amurka. Coci-coci da ɗalibai da ƙungiyoyin mata suka karɓa, abin ya tsallaka Kanada da Turai da Ostareliya. A 1978 Sanata Edward Kennedy ya kira shugabannin kamfanonin madara gaban kwamitin majalisar dattawa. A 1979 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kira taro, a nan aka haifi gamayyar IBFAN da har yau take bin diddigin kamfanonin. A watan Mayu na 1981 aka amince da ƙa'idar duniya ta tallan abubuwan da ke maye gurbin nonon uwa. Ƙasashe 118 suka goyi baya, uku suka yi rowar ƙuri'a, Amurka kaɗai ta ce a'a.

An janye ƙauracewar a 1984 bayan Nestlé ya yi alkawarin bin ƙa'idar. Aka dawo da ita a 1988 saboda an ga ana ci gaba da cika asibitoci da madarar kyauta. Har yau tana nan, a Birtaniya ƙungiyar Baby Milk Action ce ke riƙe da ita.

Baban Khalil: Malam, na karanta duka, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma ku duba lissafin da ku da kanku kuka kawo. Daga 1977 zuwa yau kusan shekara hamsin, kamfanin nan shi ne mafi girma a duniya a harkar abinci, bai ragu ba sai ƙaruwa. To in ni na daina shan Nescafé, wa zai ji a jikinsa? Ina tsoron kada mu daina sayen abu mu ji kamar mun sauke nauyi, alhali jakar nan tana nan ana raba ta gobe da safe.

Malam Sabi'u: Tambayarka a kan hanya take. In ana nufin karya kamfani, ƙauracewar ba ta karya shi ba, kuma ba na jin za ta karya. Amma ka duba tazarar: 1977 aka fara, 1981 aka samu ƙa'ida. Shekara huɗu. Kafin nan likitoci sun shafe shekaru suna rubutu babu wanda ya waiwaya. Abin da ya motsa kamfani shi ne sunansa da ya fara wari, ba kuɗin kofin da ya rasa ba. Ƙasashe kuma suka ɗauki ƙa'idar suka mai da ita doka. Filifin ta yi tata a 1986, Indiya a 1992, ta ƙara mata ƙarfi a 2003 har ta haɗa da abincin yara 'yan ƙasa da shekara biyu. Waɗannan dokokin su ne ribar.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne, ƙauracewa a ɓoye ba ta da amfani. In ka daina saye ba ka gaya wa kowa ba, kamfani zai ɗauka ɗanɗano ne ya sauya maka.

Maman 'Yan Biyu: Ku yi haƙuri in shigo. Duk lokacin da aka tayar da maganar nan gabana yana faɗuwa. 'Yan biyuna da madarar gwangwani suka rayu. Na yi jinya mai tsanani bayan haihuwa, kwana goma sha ɗaya ban san inda kaina yake ba, da na farfaɗo kuma aka ɗora ni kan maganin da likita ya ce ba a shayarwa da shi. Na yi kuka har na gaji. Wasu 'yan dubiya in sun ga fida a hannuna sai su kalli juna, wata ma ta ce min wai 'yan mata na yanzu ba sa son jikinsu ya lalace. Ban taɓa mantawa da wannan maganar ba. Yaran yanzu shekararsu huɗu, lafiya lau alhamdulillah. Abin da nake roƙo, in za a yi wannan abu, kada ya koma kan uwa. Akwai marayan da uwarsa ta rasu wurin haihuwa, akwai irina. Madarar nan ita ce ta tsaya mana.

Anti Ladi: Sannu 'yata, Allah ya ƙara lafiya, ya raya miki su. Babu abin da kika yi sai daidai. Wadda ta faɗa miki waccan maganar ba ta san abin da take faɗa ba.

Dokta Amina: Maman 'Yan Biyu, maganarki ita ce ya kamata a rubuta a saman duk wata takarda da za a fitar. Ƙa'idar 1981 ba ta hana sayar da madara ba, ba ta kuma hana uwa amfani da ita ba. Talla ta hana. Ga abin da ke ciki a taƙaice: ba a tallata madarar jarirai da fida ga jama'a, ba a ba uwa ko mai ciki samfurin kyauta, ba a liƙa hotunan kamfani ko raba kayansa a asibiti, ba a ba ma'aikatan lafiya kyauta don su tallata, 'yan tallan kamfani ba sa neman iyaye mata kai tsaye, ba a sa hoton jariri mai ƙiba a jikin gwangwani, kuma dole a rubuta cewa nonon uwa ya fi. Saboda haka jakar da aka ba ƙanwar Maman Hanifa ta saɓa wa ƙa'idar ƙarara.

Kuma ki lura, ke ma tallan nan ya cuce ki, domin kuɗinsa a cikin farashin gwangwanin da kika saya yake. Madarar matakin farko, ko ta wane kamfani ce, in dai hukuma ta yi mata rajista, dole ta cika ma'aunin sinadarai na Codex, wato kundin ƙa'idojin abinci na duniya. Mai tsada da mai sauƙi duk a kan ma'auni ɗaya suke. Kalmomin da ake rubutawa na ƙarin basira da barci mai daɗi da kwantar da ciki, yawancinsu ba su da hujja mai ƙarfi a bayansu. Madarar da ake sa wa lamba 2 da 3 kuwa, wato ta yaran da suka wuce wata shida, tun 1986 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ba dole ba ce. Amfaninta ga kamfani shi ne, inda doka ta hana tallan lamba 1, sai a tallata lamba 3 da kala ɗaya da tambari ɗaya, uwa ta je kanti ta ɗauko lamba 1.

Ga wanda dole ta sa yake amfani da ita: garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, ko da gwangwanin a rufe yake. A tafasa ruwa, a haɗa tun yana da zafin da bai gaza digiri 70 ba, a huce sannan a ba yaro. Abin da ya rage bayan awa biyu a zubar.

Baban Khalil, don ka ga girman abin: mujallar likitoci ta The Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa da shayarwa ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da ran yara kusan 823,000 'yan ƙasa da shekara biyar a kowace shekara. Gudawa da ciwon huhu su ne kan gaba a abin da nono ke karewa. A 2023 mujallar ta ce cinikin madarar nan ya kai wajen dala biliyan 55 a shekara. Jariran da ke samun nono zalla a watanni shida na farko kuwa kashi 48 ne cikin ɗari a duniya.

Nafisa: Dokta, ni ban taɓa ganin tallan a asibiti ba, a waya nake gani. Cikina wata shida. Tun ranar da na sauke wata manhaja ta lissafin satin ciki na sa ranar haihuwa, Facebook da Instagram ɗina suka cika da shi. Ba ma ya zuwa da siffar talla. Sai ka ga wata mai mabiya da yawa tana ba da labarin yadda jaririnta ya hana ta barci, a ƙarshe ga gwangwani a kan tebur. Akwai kuma wata ƙungiyar iyaye da aka gayyace ni, wai ana amsa tambaya kyauta kowane lokaci, sai da na duba can ƙasa na ga sunan kamfanin madara. Wallahi kafin in haihu har na fara shakkar ko nonona zai isa.

Dokta Amina: Ƙanwata, shakkar nan ita ce hajar da ake sayar miki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tambayi iyaye da masu ciki 8,500 a ƙasashe takwas, kashi 51 cikin ɗari suka ce tallan ya iske su. Ki fita daga ƙungiyar nan. Ki duba manhajar ki ga waye mai ita kafin ki ƙara ba ta wani bayani. Tambayarki ki kai wa ungozomar da ke duba ki.

Hajiya Binta: Ni na haifi tara, na shayar da tara. Lokacin da bulumboti ya shigo ana ganinsa alamar wayewa ne, wadda ke shayarwa a gaban mutane kuma ana mata kallon ta baya. Na ga 'yar maƙwabciyata, kyakkyawar yarinya, wata huɗu, gudawa ta ɗauke ta cikin kwana uku. Uwar ba ta da laifi, iyakar ƙoƙarinta ta yi, ruwan da ke akwai shi ta yi amfani da shi. Allah da kansa ya ambaci shekara biyu a cikin Alƙur'ani ga wanda ya so cika shayarwa. Ni ba na iya rubuta wasiƙa ga kamfani, amma ku faɗa min sunayen kayan in gaya wa yara su daina kawo min.

Malam Sabi'u: Allah ya ƙara girma Hajiya. Na Nestlé da aka fi sani: Nescafé, Milo, Maggi, KitKat, Nido, Cerelac, ruwan Pure Life, sai madarar jarirai NAN da Lactogen da SMA. Hanya mafi sauƙi, a juya bayan kaya a nemi sunan kamfanin ko tambarin sheƙar tsuntsu.

Amma kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Nestlé aka sa a gaba domin shi ne babba, ba don shi kaɗai ba ne. Danone shi ke da Aptamil da Cow & Gate da ruwan Evian. Abbott shi ke da Similac. Reckitt, mai Dettol, ya sayi Mead Johnson mai Enfamil a 2017. Rahotannin IBFAN suna kawo sunayen manyan nan duka. Adalci kuma ya sa in faɗi abin da Nestlé ke cewa: yana cewa yana bin ƙa'idar yadda kowace gwamnati ta mai da ita doka, kuma nonon uwa ya fi. Masu sa ido suna amsa masa cewa a nan gizo ke saƙa, domin a rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ƙasashe 144 cikin 194 ne ke da wata doka a kan haka, 32 kacal dokarsu ta yi kusa da cika ƙa'idar. Inda doka ta yi rauni, bin doka ba ya hana komai.

Baban Khalil: To ai kun ga abin da nake faɗa. In za a bar kayan waɗannan duka, me zai rage a kanti? Mutum zai yi sati biyu ya gaji.

Yaya Murja: Shi ya sa ni ban ɗauki duka ba. Shekara shida ke nan ina yi, ga yadda na tsara wa kaina. Na zaɓi abu biyu da nake saye kowane wata, na maye su da na wani kamfanin da ba ya harkar madarar jarirai. Biyu kawai. Masu ƙauracewar a Birtaniya ma Nescafé suka sa a gaba don abin ya yi sauƙin riƙewa. Sannan na rubuta wa kamfanin ta adireshin da ke jikin kayan, layi huɗu: ga abin da nake saye, na daina, ga dalili, ga abin da zai sa in dawo. Sun amso da doguwar takarda. Duk shekara ina sake aikawa.

Abin da ban taɓa sawa a ciki ba shi ne madarar jaririn da ya riga ya dogara da ita. In yaro yana shan ta wani kamfani kuma ta karɓe shi, a bar shi a kanta. Ba a gwada fushi a cikin jariri. Maman 'Yan Biyu, da a lokacin na san ki, da ni zan raka ki sayowa.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Yaya. Wannan tsarin zan iya shiga.

Nafisa: Cerelac fa? Na ɗauka shi ba madara ba ne, abincin yaye ne.

Dokta Amina: Abincin yaye ne, amma shi ma an yi magana a kansa. A watan Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan tare da IBFAN suka kai samfura daga ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka ɗakin gwaji. Suka samu ana ƙara sukari a Cerelac na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kusan giram 4 a kowane ci in an yi matsakaici, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Birtaniya babu ƙarin sukari. Kamfanin ya ce yana bin dokokin ƙasashen kuma yana rage sukarin. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne, sun san yadda ake yin sa babu sukari, tunda suna yi wa wasu yaran. Daga wata shida yaro na iya cin abincin gida da aka dama ko aka murƙushe masa, ana ci gaba da nono har shekara biyu ko fiye. Ba sai na kwali ba.

Anti Ladi: Ni kuma bari in faɗi wadda ta shafe mu ma'aikata, don ba na son a ɗauka daga waje kawai abin yake zuwa. Jakar nan ba da ƙafarta ta shiga ɗakin haihuwa ba, hannun ɗayanmu ne ya miƙa ta. Ina sabuwar ma'aikaciya wata 'yar talla ta riƙa zuwa mana duk wata. Mai fara'a, ta san sunan kowa. Ta kawo biro, kalanda, agogon bango, wata rana abincin rana. Ba ta taɓa cewa mu hana kowa shayarwa ba. Cewa take yi, in an samu wadda nononta bai zo ba, ga wannan. To a ɗakin da mace ashirin ke kwance, ma'aikaciya biyu, wa ke da rabin awar da zai zauna ya gyara wa mai haihuwar fari kamun nono? Miƙa gwangwani ya fi sauri. Na miƙa, ba sau ɗaya ba. Sai da na fara ganin yaran suna dawowa bayan wata biyu, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, fata in ka ja ba ta komawa, sannan na gane abin da hannuna ya yi. Daga ranar na cire kalandar daga bango.

Shawarata ga masu ciki, tun wurin awo ku tambaya: ana ɗora jariri a ƙirjin uwa a sa shi a nono cikin awar farko? Ana barin sa kusa da ita dare da rana? Ana karɓar kayan kamfanin madara? Tun 1991 akwai shirin asibiti mai ƙaunar jarirai na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, mai matakai goma, waɗannan duk suna ciki. In masu zuwa awo suna tambaya, shugabannin asibiti za su ji.

Baban Khalil: Anti, wannan ta shige ni fiye da duk alƙaluman. To ni ga inda zan sa hannu. A wurin aikinmu mata suna dawowa daga hutun haihuwa babu ɗakin da za su tatsi nono, babu inda za su ajiye. Ko an rufe duk tallan duniya, wadda za ta bar jariri awa tara dole ta nemi gwangwani. Ina cikin kwamitin ma'aikata, zan kai maganar ɗaki ɗaya da firji da lokacin shayarwa.

Malam Sabi'u: Ka riƙe wannan a hannu in za ka shiga: yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta sa mafi ƙarancin hutun haihuwa sati 14, ta kuma tanadi lokacin shayarwa a cikin awannin aiki da biya. Ba kowace ƙasa ta sa hannu ba, amma ma'auni ne da za ka iya nunawa.

Yaya Murja: Wani abu kuma da masu kyakkyawar niyya ke yi. In ambaliya ko rikici ya raba mutane da gidajensu, sai a tara gwangwanayen madara a kai sansani a raba wa kowa. Don Allah a daina. Wurin da babu ruwa mai kyau, babu wuta, shi ne wurin da fida ta fi kisa. Bayan girgizar ƙasar Yogyakarta a Indunusiya a 2006 an bi diddigi, aka ga gudawa ta ninka a cikin jariran da aka ba gidajensu madarar tallafi. A ciyar da uwar, a ba ta ruwa da wurin da za ta keɓe. Jariran da ba su da mai shayar da su, ma'aikatan lafiya su tantance su, a ba su tare da ruwa da kayan haɗi har su girma, ba gwangwani ɗaya a tafi ba.

Maman Hanifa: Jama'a na gode ƙwarai. Jakar tana nan ba a yar ba. Me zan yi da ita?

Dokta Amina: Kada ki yar. Ki ɗauki hoton jakar da duk abin da ke ciki, tambarin ya fito sosai, ki rubuta rana da wurin da aka ba da ita. Ki kai ƙorafi a rubuce ga shugaban asibitin, kwafi ga hukumar da ke kula da abinci da magunguna ta ƙasarku, in akwai ƙungiyar IBFAN kusa ki tura musu. Kada ki sa sunan nas ɗin da ta miƙa a kafafen sada zumunta. Tambayar da za ki yi a takardar ita ce wa ya ba kamfanin izinin shigo da kayan, kuma ko asibitin yana da rubutacciyar manufa a kan haka. Ki nemi a ba ki amsa a rubuce.

Maman Hanifa: Na dawo da labari bayan kwana biyar. Ta daina rage cokali tun ranar. Mun koma kofi, ya ƙi a rana ta farko, a ta biyu ya karɓa. Tana sa shi a nono duk lokacin da ya motsa, mijinta ya karɓi aikin gida da daddare don ta samu ta kwanta tare da shi. Jiya da asuba ta kira ni tana kuka, wai ta farka ta ga gaban rigarta ya jiƙe. Takardar asibiti na rubuta, Malam ya duba min, gobe zan kai. Ni da Hajiya mun zaɓi kayanmu biyu-biyu.

Anti Ladi: Alhamdulillah. Kada ta yi gaggawar yanke madarar don ta ga haka. Ta kai shi awo ranar da aka ba ta, in nauyin ya hau sai a rage ciyarwar kofi ɗaya, a jira kwana uku a sake dubawa. Fitsarin fa, sau nawa jiya?

Maman Hanifa: Bakwai, Anti.